Fentin rabin kuɗi na shafukan haɗaka: ga abin da ya same ni a Rijiyar Zaki, Kano

Sabon Ango: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ina kuma so wanda bai shiga ba ya ji. Wata guda kafin bikina na ga tallan wani shafin intanet da ke haɗa masu saye. Sharaɗinsu shi ne idan mutum 25 suka biya cikin mako guda, za a yi wa kowa fentin gida gaba ɗaya a rabin kuɗi, naira dubu 150 maimakon dubu 300. Akwai agogo a shafin yana ƙirga lokacin da ya rage, ana kuma nuna cewa saura mutum huɗu a rufe. Wanda ya yi hidimar aure ya san yadda aljihu yake a irin wannan lokaci. Na tura kuɗi a daren, aka aiko mini da tikiti mai lamba.

Da na kira don a sa mini rana sai aka ce akwai layi. Sati uku ina bi. Sai ana saura kwana huɗu a zo jere wasu yara uku suka sauka a adaidaita sahu da bokiti biyu, ɗaya ma rabi ne, murafen a buɗe. Babbansu ya ce tikitina na bangon ciki ne kawai, shafi ɗaya. Silin daban, ƙofofi da tagogi daban, cike tsaga daban. Na ce ai gida gaba ɗaya aka rubuta. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wasu ƙananan rubutu can ƙasan shafin da ban taɓa lura da su ba. Lokaci ya ƙure, na ƙara dubu 70.

Ranar jere gwaggon amarya ta jingina da bangon falo tana nuna inda za a kafa labule. Da ta matsa, bayan hijabinta baƙi ya koma fari fat kamar an zuba masa gari. A gaban surukaina. Yanzu sati shida ke nan, bangon ɗakin barci yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Masu shafin sun ce su tikiti kawai suke sayarwa, in nemi mai aikin. Mai aikin ya ce abin da aka ba shi ko kuɗin fenti bai kai ba, in nemi masu shafin. Ina zan dosa?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya sa haƙuri ƙanena, Allah ya ba ku zaman lafiya da amarya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na gaban surukai. Araha dai ba ta ado.

Ɗan Kurna Mai Fenti: Ango, Allah ya mayar maka da alheri. Shekarata 19 da rola a hannu, kuma ba zan ɓoye ba, na taɓa karɓar irin wannan aikin sau ɗaya, lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Bari in gaya maka yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Kai ka biya rabin kuɗi. A cikin rabin nan mai shafi zai cire kamashonsa tun kafin mai aiki ya ga ko sisi. Ni ma da aka ba ni, ba duka aka ba ni ba, an ce sauran sai mutane sun tabbatar an gama. To a ɗan abin da ya rage zan sayi fenti, in biya yara, in biya abin hawa, in kai cefane gida. Mai shago ba ya rage mini kuɗin bokiti don wai na ce ina yin rangwame. Yaro ba zai hau tsani kyauta ba. Saboda haka ragin nan wuri uku kawai zai iya fitowa: cikin bokiti, ko gyaran bango kafin a shafa, ko haƙƙin yaran. Galibi ma duka ukun ake taɓawa.

Kuma ka lura, fenti shi ne ƙaramin aiki a sana'armu. Babban aikin shi ne abin da ba ka gani: kankare tsohon da ya tashi, cike tsaga da ramin ƙusa, bi da samfefa, share ƙura, sa shafin farko da zai kama bango, a jira ya bushe. Wannan kan ci kwana biyu ko uku a gida irin naka. Wanda aka ba gida 25 ya gama cikin wata guda ba shi da waɗannan kwanakin. Zai shigo da safe, ya fita da la'asar. Ni gida shida na yi na mayar musu da sauran, domin na ga sunana zai ɓaci a unguwar da nake sallah.

Sabon Ango: Wallahi Malam kamar kana wurin. Ƙarfe goma suka fara, kafin magariba sun wanke rola. Ko tsintsiya ba su sa wa bangon ba.

Hajiyar Hotoro: Ni kam ban yarda a yi wa abin kuɗin goro ba. Bara ni da maƙwabtana mu takwas muka haɗu aka yi mana fenti da ragi mai kyau, har yau bangona sumul, jikokina suna goga hannu ba abin da yake fita. Haɗa kai a saya da yawa ai ba sabon abu ba ne. Haka muke sayen shinkafa a kasuwar Singa, haka ake watandar sa da sallah. Don mutum ɗaya ya gamu da mugaye ba za a ce kowa ya guji rangwame ba, a wannan tsadar da ake ciki.

Ɗan Kurna Mai Fenti: Hajiya, Allah ya ƙara girma. In tambaye ki, wa ya nemo mai fentin, kuma wa ya riƙe kuɗin?

Hajiyar Hotoro: Mai gidan maƙwabciyata ne ya kawo shi, shi ya yi masa gidansa shekarun baya. Fentin mu muka saya da kanmu, yarana biyu suka je kasuwa da shi. Kuɗin aiki kuma sai da ya gama kowane gida aka sallame shi.

Ɗan Kurna Mai Fenti: To Hajiya ai naki daban ne. Ke kin san mutumin, kin san ƙofar gidansa, kayanki a hannunki, kuɗinsa a hannunki. Ragin da ya yi muku na gaskiya ne, domin gida takwas a layi ɗaya ba jigilar tsani, ba yawon neman aiki. Ko ni zan rage. Amma ba zan rage rabi ba. Ango kuwa ya miƙa kuɗinsa duka ga wanda bai taɓa gani ba, shi kuma ya turo masa wanda bai zaɓa ba.

Hajiyar Hotoro: Na ji wannan. Amma dai a riƙa bambancewa, kada a tsorata mata su daina haɗa kai.

Injiniya Ɗan Kabuga: Ina so mu yi lissafi, domin shi ne zai raba gardama. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, tsayin bango mita 3. Bango huɗu sun ba ka murabba'in mita 43, cire ƙofa da taga ya rage wajen 40. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a kan bango mai santsi. Shafi biyu, wanda shi ne ƙa'ida, lita 8 ke nan a ɗaki guda. Bokiti mai lita 20 zai yi ɗaki biyu da rabi. Gida mai ɗaki uku da falo da kicin da baranda ba zai ci ƙasa da bokiti uku ba a bangon ciki kaɗai, ban sa silin ba, ban sa shafin farko ba. In bangon sabuwar filasta ce mai kaushi, sha zai yi fiye da haka.

Ango ya ce bokiti ɗaya da rabi suka kawo. Ruwan rijiyarsa ne ya cike sauran. Abin da ke riƙe fenti a bango wani sinadari ne mai danƙo da ke cikinsa. In aka tsinka shi fiye da abin da kamfani ya rubuta a jikin bokiti, danƙon ba zai isa ya riƙe garin ba, sai ruwa ya bushe ya bar hoda a bango. Ita ce ta bi hijabin gwaggo.

Wani abin kuma, Ango, yaushe aka yi filastar ɗakin barcin?

Sabon Ango: Yallaɓai, an sake shafe bango ɗaya kwana goma kafin su zo, saboda danshin da ya taso daga ƙasa a damina.

Injiniya Ɗan Kabuga: To ga dalilin ɓarewar. Sabuwar filastar siminti tana son kamar sati huɗu kafin a sa mata fenti. Kuma in ba a toshe inda danshin yake shigowa ba, ko fentin da ya fi kowanne tsada ka sa zai kumbura ya faɗo, ka ga wani farin abu kamar gishiri yana fitowa. Mai fentin da ya zo ya duba gida kafin a yi jinga zai taɓa bangon ya ce maka a dakata. A tsarin tikiti babu wanda yake zuwa dubawa. Farashi ɗaya aka yanka wa gidan da ke kan tudu da wanda ke cikin kwari, sabon gini da tsohon da ya sha hayaƙin girki shekara ashirin. Daga nan matsalar ta fara. Kuma tikiti yana da wa'adi, bai san watan Agusta ba, bai san ƙurar hunturu da ke manne wa fentin mai kafin ya bushe ba.

Ɗan Kasuwar Ƙofar Ruwa: Maganar murfi a buɗe ita ta tsaya mini. Jama'a, bokitin da babu komai a ciki ma kaya ne, sayensa ake yi. Akwai masu bin wuraren gini suna tattara na manyan kamfanoni, a wanke, a zuba haɗin gida mai yawan farin gari, a mayar da murfi. In ka ga tambari a jikin roba ba shi ne ka ga fenti ba. A buɗe a gabanka, ka ga hatimin murfin bai taɓu ba, ka duba alamar hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, da lambar haɗi da kwanan wata. Mafi sauƙi ma ka zo kasuwa da kanka tare da mai aikinka, ka karɓi rasit mai sunan shago. Gobe in da magana ka san ƙofar da za ka tsaya. Mu nan muna zaune, ba ma gudu, shafin intanet kuwa dare ɗaya ake goge shi.

Baƙon Legas: Wannan tsarin ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Shafin Groupon ne ya yi suna da shi, ya fara a Chicago ta Amurka a 2008, kuma abin da aka san shi da shi a farkon shekarunsa shi ne mai kaya ya rage rabi, sannan a raba abin da ya saura kusan biyu tsakaninsa da shafin. Wato aikin naira ɗari, mai yi ya tashi da kamar 25. A Najeriya DealDey ya kawo irinsa a 2011, ina Legas a lokacin, muna sayen tikitin gidan abinci da na wurin gyaran jiki. An sayar da shi a 2016, daga baya ya rufe.

Abin lura, mai gidan abinci yana iya jure asarar faranti ɗaya don yana fatan ka dawo mako mai zuwa ka biya cikakke. Wa yake komawa wurin mai fenti mako mai zuwa? Sai bayan shekara huɗu ko biyar. Ba shi da wani dalilin jure asara a kanka, don haka a bangonka zai fanshe.

Malamar Asibiti: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a taɓo ba, domin ya fi kuɗin muhimmanci a wurina. Ango, ƙofofi da tagogin da ka ƙara kuɗi aka yi maka, fentin mai ne ko? Wane launi?

Sabon Ango: Eh Anti, na mai ne. Ƙofar waje da ƙarafan taga ruwan ɗorawa, a wani galan marar suna suka zo da shi.

Malamar Asibiti: To ka kula. Fentin mai marar asali, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo, shi aka fi samu da dalma a ciki, domin da ita ake ƙara wa launi haske da saurin bushewa. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya take kira a bi ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mu a Arewa mun san ta, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Can daga niƙan duwatsun zinare ne, ta fenti a hankali take shiga, amma gubar ɗaya ce. Yaro mai rarrafe yana kama ƙarfen taga, yana ɓantarar abin da ya ɓare ya kai baki. Mace mai ciki ma tana shaƙar ƙurar.

Ba na cewa naka yana da ita, ido ba ya ganewa. Amma tunda ba ka san asalinsa ba, ranar da za a gyara kada a goge shi a bushe da samfefa amarya tana gidan. A jiƙa, a kankare, a kwashe, a goge ƙasa da tsumma mai ruwa, ba tsintsiya ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Anti Allah ya saka da alheri. Gadon yarana ma wani ne ya fente mini shi ja, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ɗalibin Ilimi: Ta fuskar shari'a, malamanmu sun sharɗanta a cinikin ƙwadago a san aikin a san ladan, sani mai kawar da jayayya. A ce "gida gaba ɗaya" ba a faɗi bango nawa, shafi nawa, wane fenti ba, wannan jahilci ne a cikin ciniki, irin wanda ake kira garari. Ɓoye sharaɗi a ƙananan rubutu alhali an san mai saye ba zai gani ba, da tsinka fenti a nuna kamar cikakke ne, algus ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ya ruwaito.

Sai dai ina tuna wa kaina da ku, mu masu saye ma da namu. In ka ga farashin da ka san ba zai biya gumin leburan ba, ka tambayi kanka wa za a danne kafin ka samu. Yaran nan uku 'ya'yan wasu ne.

Ɗan Kurna Mai Fenti: Allah ya gafarta Malam, ka faɗi abin da ke raina. Akwai yaron da na sani ya yi sati biyu a irin wannan aikin, kuɗin mota kawai yake samu, ana ce masa sai shafi ya saki kuɗi.

Lauyan Zaure: Ango, ga amsar tambayarka ta farko. Kada ka goge komai. Ɗauki hoton tallan da sharuɗɗan tun kafin su sauke, ajiye shaidar tura kuɗi ta farko da ta dubu 70, da duk saƙonnin da kuka yi. Ɗauki bidiyon bangon kana goga baƙin ƙyalle a kai. Duba sunan asusun da ka tura wa kuɗin: na kamfani ne ko na mutum? Kana iya bincika sunan kamfanin kyauta a shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka ga ko yana da rajista.

Cewar da suka yi su tikiti kawai suke sayarwa ba ta wanke su haka kawai, su suka yi talla, su suka karɓi kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana talla mai yaudara, ta kuma ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Rubuta musu takarda ka ba su wa'adi. In sun yi shiru, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ana shigarwa ta intanet, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano. Akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki da aka buɗe a Kano a 2019, mutum yana iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce duk wannan yana tafiya ne in akwai adireshin da za a kai sammaci. In babu, aikin ya yi wuya. Shi ya sa zai fi ƙarfi ku nemo juna ku 25 ɗin.

Sabon Ango: Barista na duba yanzu. Asusun sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Adireshin da ke shafin kuma sunan titi kawai aka sa, babu lambar gida.

Matar Sheka: Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ango, tikitinka kore ne mai hoton rola a sama? In shi ne, ni ma ina cikin 25 ɗin. Ni ko zuwa ba su yi ba. Wa'adin tikitin kwana 30 ne, suka yi ta ɗaga mini rana har ya cika, sannan aka ce ya ƙone. Kuɗin adashena ne na wata biyar. Ko mai gidana ban gaya wa ba har yau.

Sabon Ango: Shi ne, 'yar uwa. Allah ya mayar miki. Kin ga mun zama biyu.

Hajiyar Hotoro: Subhanallahi. 'Yata, ki gaya wa mai gidanki yau, kada ki riƙe wannan ke kaɗai. In an tashi zuwa hukumar ku sanar da ni, ɗana zai kai ku a mota.

Shugaban Zaure: Kada kowa ya sa lambar waya ko sunan wani a nan. Duk wanda ya sayi wannan tikitin ya turo mini saƙo ta gefe da hoton shaidar biyansa, zan haɗa ku da Barista.

Ɗan Kurna Mai Fenti: Ango, kada ka bari kowa ya ɗora sabon fenti a kan wannan, tare za su faɗo. Sai an wanke hodar nan tas an kankare, bangon ɗakin barci kuma a fara gano inda ruwan yake shigowa. Ranar Asabar bayan azahar ina da aiki a Janbulo, zan ƙaraso in duba maka, ba sai ka ba ni komai ba. Ka ajiye mini galan ɗin ruwan ɗorawar in yana nan, ina so in ga gindinsa.

Sabon Ango: Yana nan a bayan gida Malam, da ragowar a ciki. Allah ya kai mu Asabar ɗin.